Ɗakin ciki ko mai baranda a jirgin ruwan yawon buɗe ido?

Ɗan Birnin Kebbi ko Yawuri da zai hau katafaren jirgin ruwa daga Dubai, zaɓi biyu zai fara cin karo da su.

Ɗakin ciki ya fi araha, amma ko taga babu. Kashe fitila, duhu ƙirin ko da rana tsaka. Barci kam sai wanda ya gani, sai dai ba ka ganin ketowar alfijir, dole ka saita agogo saboda Asuba.

Mai baranda akwai iska da haske, kuɗinsa kuwa ya ɗara. Duba taswirar benen kafin ka biya, don wasu barandun kwale-kwalen ceto ne ke tare musu teku. Mai ƙananan yara ya riƙa kulle ƙofar.

In kwale-kwalen Yawuri ma na sa ka jiri, ɗakin ciki a tsakiyar jirgi, benen ƙasa, ya fi maka baranda a can sama wajen goshi, inda tangaɗi ya fi tsanani. Goshin ga ƙarar sarƙar anga da sassafe. Ƙarƙashin wurin ninƙaya kuma, ƙarar kujerun da ma'aikata ke ja ce za ta tashe ka.