Yin rajista da likitan iyali: bambancin Ingila da Jamus

Hajiya, kin ce ɗanki ya samu gurbin karatu a Landan, ƙanenki kuma zai bi matarsa da ke aiki a Hamburg, kuma kina son sanin inda kowannensu zai yanki katin asibiti idan ya sauka, musamman da yake ƙanen naki yana fama da hawan jini. Amsar ba ɗaya ba ce, domin ƙasashen biyu sun gina harkar lafiyarsu a kan tsari daban-daban, kuma dukansu sun saɓa wa abin da muka saba a nan Kumasi, inda mutumin Aboabo ko Asawase zai ɗauki katin inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIS, ranar da jikinsa ya ƙi daɗi, ya nufi asibitin Manhyia, ya bi layi, ya ga duk likitan da ke bakin aiki.

A Ingila mutum yana rajista ne da ƙaramin asibitin unguwa guda ɗaya, na likitocin iyali da ake kira GP, kuma a nan ake ajiye duk bayanan lafiyarsa. Rajistar kyauta ce, ana cika fom ɗin ta intanet ko a takarda. A ƙa'idar hukumar lafiya ta NHS, ba dole ba ne mutum ya nuna katin shaida, ko shaidar adireshi, ko takardar izinin zama kafin a karɓe shi. Wasu ma'aikatan da ke karɓar baƙi sukan nemi waɗannan takardu duk da haka, kuma idan yana da su babu laifi ya nuna don aikin ya yi sauri, amma rashinsu ba hujjar mayar da shi gida ba ce. Abin da zai iya sa a ƙi shi shi ne gidansa yana wajen yankin da asibitin ke kula da shi, ko kuma sun rufe ɗaukar sababbin mutane, kuma wajibi ne su rubuta masa dalilin cikin kwana 14. Bayan rajista za a ba shi lambar NHS mai alƙaluma 10, wadda za ta bi shi duk garin da ya koma.

Maganar kuɗi kuwa an gama ta tun wajen neman biza, domin tun daga Fabrairun 2024 ɗalibi yana biyan kuɗin lafiya fam 776 a kan kowace shekarar zama, yawancin sauran masu biza kuma fam 1,035. Saboda haka ganin likita ba ya cin ko kwabo, sai dai kowane magani da aka rubuta ana biyan fam 9.90 a kantin magani, ban da yara 'yan ƙasa da shekara 16, da masu shekara 60 zuwa sama, da masu juna biyu.

Inda mutanenmu suka fi shan mamaki shi ne cewa GP ne ƙofar kusan komai. Wanda yake son ganin likitan zuciya ko na fata ba zai tashi ya je babban asibiti da kansa ba, sai GP ya duba shi ya rubuta takardar tura shi, sannan ya shiga jerin masu jira, jiran da kan kai watanni. Ɗalibin da ya ce shi lafiyarsa ƙalau, ya bar rajista sai ranar da ciwo ya kama shi, zai tarar yana cika fom a lokacin da ya kamata a ce yana gaban likita. Ki matsa wa yaron ya yi ta a makon farko.

Jamus ta juya abin. A can da kamfanin inshorar lafiya ake rajista, ba da likita ba, kuma doka ta wajabta wa duk mazaunin ƙasar ya kasance yana da inshora. Yawancin ma'aikata suna cikin asusun da gwamnati ta tsara, irin su AOK, TK da Barmer, inda ake cire kashi 14.6 cikin ɗari na albashi tare da wani ƙari da ya bambanta daga asusu zuwa asusu, ma'aikaci da mai aikin su raba nauyin daidai. Wannan ne zai amfani ƙanenki: idan matarsa tana cikin irin wannan asusu, shi kuma bai fara samun kuɗin shiga mai yawa ba, za ta iya saka shi a ƙarƙashinta ba tare da ƙarin biya ba. Sai dai ya fara da rajistar adireshinsa a ofishin hukumar gari cikin kwana 14 da shiga gida, sannan matar ta cika fom ɗin iyali, a aiko masa da katinsa mai hoto.

Da katin nan a hannu zai iya zuwa wurin duk likitan da ke karɓar masu wannan inshora, ya miƙa shi a ziyarar farko ta kowane wata uku, har ma yawancin likitocin ƙwararru yana iya neman ganinsu kai tsaye. A fuska wannan ya fi na Ingila sauƙi, amma a ganina mai hawan jini bai kamata ya ruɗu da wannan sakewar ba. Ciwon da ake sha wa magani kullum yana buƙatar likita ɗaya da ya san awon baya da na yanzu, saboda haka ya zaɓi likitan iyali, wanda suke kira Hausarzt, ya tsaya a wurinsa. Kada ya karaya idan wasu sun ce sun daina ɗaukar sababbin marasa lafiya, hakan ya zama ruwan dare a manyan birane, sai ya ci gaba da tambaya a unguwannin da ke kusa. Kuɗin da zai ƙara a kan magani tsakanin yuro 5 ne zuwa 10.

Akwai kuma batun harshe, wanda a nan Ingila ta fi. NHS tana samar da tafinta kyauta ga wanda ya nema, alhali inshorar Jamus galibi ba ta biyan kuɗin tafinta, don haka ƙanenki ya nemi likitan da ke jin Turanci, ko matarsa ta raka shi har kunnensa ya buɗe da Jamusanci. Lambar gaggawa a Ingila 999 ce, ta neman shawara kuma 111. A Jamus 112 ce ta gaggawa, 116117 kuma ta likitan da ke aiki da dare ko ƙarshen mako.

Kafin su bar Kumasi, ƙanenki ya karɓi taƙaitaccen rahoto daga likitan da ke duba shi, mai ɗauke da ainihin sunan sinadarin kowane magani da adadin da yake sha, ba sunan kamfani kawai ba, ya kuma tafi da maganin da zai ishe shi har katinsa ya fito. Dukansu su ɗauki takardun rigakafinsu da sakamakon gwajin sikila idan suna da shi. Duk wanda zazzaɓi ya kama a cikinsu a watannin farko, ya gaya wa likita tun a jumlar farko cewa daga Gana ya zo kwanan nan, ya nemi a yi masa gwajin maleriya a ranar, domin likitocin can ba kasafai suke fara tunaninta ba.