Injin motsa jiki: wanne ne ke faɗin gaskiya kan kalorin da ka ƙona?

Mai saye yakan tsaya gaban allon injin yana kallon lambar kalori, alhali ita ce mafi rauni cikin duk abin da allon ke nunawa. Injin ba ya auna kalori. Wani abu dabam yake aunawa, kamar sauri ko ƙarfin taka feda, sannan ya yi kiyasi. Saboda haka tambayar da za ka yi a shago ita ce: me injin nan yake aunawa da gaske?

Ka riƙe wannan lissafi don gwada kowane inji. Ana auna nauyin aiki da ma'aunin MET, kuma MET ɗaya kusan kalori 1 ne ga kowane kilo na jiki a awa guda. Tafiyar kilomita 5 a awa kusan MET 3.5 ce, gudun kilomita 10 a awa kusan MET 10. Mai kilo 70 da ya yi wannan gudun na minti 30 ya ƙona kamar kalori 350, mai kilo 90 kuwa kamar 450. Ka ga nauyin jiki kaɗai ya kawo bambancin 100. Injin da bai tambaye ka nauyinka ba, lissafin wani yake yi maka, yawanci mai kilo 70 ko kusa da haka.

Injin gudu yana cikin waɗanda suka fi daidai a wannan fanni, domin sauri da gangare abubuwa ne da yake sarrafawa da kansa, kuma an daɗe da sanin lissafinsu. Amma da zarar ka dafa ƙarafunan gefe, hannuwanka sun ɗauke wani ɓangare na nauyinka, allon kuma bai sani ba, sai ya ci gaba da ƙirgawa kamar kana ɗauke da jikinka duka. Abin ya fi muni idan an ɗaga gangare. In gudu za ka yi, nemi mai tsawon bel santimita 140 zuwa 150, wanda kuma ƙarfin motarsa na dindindin ya kai ƙarfin doki 2.5 zuwa 3 (HP). Wasu kamfanoni kan rubuta ƙarfin ƙololuwa don lambar ta yi girma, sai ka duba da kyau. Kuma wannan inji mai cin wuta ne. Inda lantarki ke hawa da sauka, ka sa kuɗin sitabilaiza cikin lissafi, domin allon wutar da ke sarrafa injin ne ke saurin ƙonewa.

Keken motsa jiki iri biyu ne a nan. Akwai mai nuna wat, wato ma'aunin ƙarfin da kake taka feda da shi, akwai mai maɓallin matse taya kawai. Mai wat shi ne abin saye in lissafi ya dame ka. Wat 100 na awa guda aikin kilojul 360 ne (kilojul ma'aunin makamashi ne), kuma da yake jiki na mayar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na makamashinsa zuwa aiki, sauran ya tafi a zafi, lambar kilojul da ta kalori sukan zo kusan ɗaya: kamar kalori 360. Mai araha da ke ƙirga juyin taya kaɗai bai san ko ka matse birki ko ka sassauta ba, lambarsa ba ta da amfani.

Injin eliptikal, wanda ake taka fedarsa a tsaye kamar ana tafiya, yana da sauƙi ga gwiwa, sai dai shi ya fi yawan ƙara gishiri, saboda ƙarfin juyin tayarsa na taimaka wa ƙafa kuma kowane kamfani da nasa lissafin. Injin tuƙin kwale-kwale na kamfanin Concept2 yana auna wat da kyau kuma ba ya buƙatar wutar gida, amma kalorinsa an gina shi kan mai kilo 79.5.

Sai agogon hannu na zamani. A shekarar 2017 masana a Jami'ar Stanford ta Amurka sun gwada iri bakwai a kan mutum 60. Shida sun auna bugun zuciya da kuskure ƙasa da kashi 5 cikin ɗari, amma a kalori mafi kyawunsu ya kauce da kashi 27, mafi muni da kashi 93. Sun kuma ga kuskuren ya fi yawa ga masu duhun fata, domin haske ne agogon ke harbawa cikin fata. Madaurin ƙirji irin Polar H10 ya fi agogo daidai wajen auna bugun zuciya, tunda siginar lantarkin zuciya yake ɗauka. Ka jiƙa shi kaɗan kafin ɗaurawa, ka kuma tabbata injin da za ka saya na haɗuwa da shi ta Bluetooth ko ANT+. Ko shi ma zafi na ruɗa shi: ɗaki mai zafi da ƙishirwa suna ɗaga bugun zuciya ba tare da aikin ya ƙaru ba.

Yawancin alluna suna haɗa har da kalorin da za ka ƙona ko kana zaune. Mai kilo 70 ya cire kusan 70 daga kowace awa kafin ya lissafa abincin da zai ci.