Sulhu ko Kotu: Idan Ɗan Kabu-kabu Ya Buge Mutum a Sakkwato

Gudun wuce kima, goyon mutum uku a babur ɗaya, da tuƙin yara marasa lasisi suna cikin abubuwan da ke jawo raunuka a titunan Sakkwato. Idan ɗan kabu-kabu ya buge mai tafiya a ƙasa, hanya biyu ce a gaban dangi.

Sulhu a gaban mai unguwa ko shugabannin 'yan kabu-kabu yana da sauri, yana kuma kiyaye zumunci, kuma in ƙujewa ce ko targaɗe, ya wadatar muddin an rubuta yarjejeniyar. Sai dai akan tsaya ne a kan kuɗin ɗori da na magani, a roƙi majinyaci ya yafe don Allah, alhali babu wanda ya lissafa watannin da zai yi kwance bai fita nema ba.

A ganina, in raunin ya bar naƙasa, kotun Shari'a ta fi kare haƙƙin talaka, duk da jinkirinta da buƙatar shaidu da takardar likita. A can ana duba diyya bisa fiƙihun Malikiyya: haƙori raƙuma 5, yatsa 10, hannu ɗaya kuwa rabin cikakkiyar diyya ta raƙuma 100, sannan alƙali ya ƙimanta su da naira.