Wace Manhajar Ƙera Sauti Za Ka Ɗora a Linux? Abin Dubawa Kafin Ka Ƙona Data ko Dala

Tun da Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, tsofaffin laftof da yawa suka shiga halin ni-'yasu. Windows 11 ba ta yarda ta hau mafi yawan waɗanda aka ƙera kafin 2018, alhali lafiyarsu ƙalau. Wannan ne ya sa wasu masu haɗa kiɗa suka fara leƙa Linux, babbar manhajar da kowa ke iya saukewa kyauta, har ya buɗe cikinta ya ga yadda aka rubuta ta. Sai dai mai kiɗa bai damu da wannan falsafar ba. Abin da yake son ji shi ne: idan na koma can, da me zan fitar da sauti?

Kafin a kai ga sunaye, akwai wani rabe-rabe da rashin saninsa ke sa mutum ya sauke abin da ba shi yake nema ba. Sintasaiza, wato na'ura ko manhajar ƙera sauti, ta asali da lissafi take ƙera shi, daga babu. Ba a taɓa ɗaukar amon wani abin kiɗa an zuba mata ba. Ita kuwa fiyanon Yamaha PSR da ta raini kiɗan finafinan Hausa, yawancin sarewa da ganguna da ke cikinta sautin gaske ne da aka naɗa aka adana. To idan irin wannan amon kunnenka ke nema, hanyarka gajeriya ce. Ɗora FluidSynth tare da fuskarta Qsynth, ka nemo fayil ɗin SoundFont mai kyau, wato kunshin naɗaɗɗun sautukan da za ta riƙa bugawa. Daidaitaccen tsarin General MIDI kaɗai yana ba ka kayan kiɗa 128, kuma ko tsohuwar kwamfuta ba ta jin nauyinsa. Kyawun abin da zai fito ya rataya ne a kan fayil ɗin da ka samo, wani kamar gaske, wani kamar ƙarar tsohuwar wayar hannu. Sauran bayanin nan na wanda ke son ya murɗa sauti da hannunsa ne, ya samu bes ko amon da babu shi a sutudiyon maƙwabcinsa.

Abu na biyu shi ne gidan da sintasaizar za ta zauna, wato manhajar da ake jera kiɗa da naɗar murya. Yawancin sintasaizoji fulogin ne, sai an shigar da su cikin wata manhajar suke aiki, kuma kowane gida da irin ƙofarsa. Ƙofofin da za ka riƙa cin karo da su a Linux su ne LV2, da VST3, da CLAP wanda kamfanonin Bitwig da u-he suka fito da shi a 2022. Wanda ya saba da FL Studio zai fi sakewa da LMMS, domin tsarinsu ya yi kama, kuma kyauta ce. Amma bugun 1.2.2 na 2020, wanda shi ne ya fi yawo, ba ya naɗar murya, sannan sabbin fulogin ba sa shiga kai tsaye sai an bi ta wata manhaja mai suna Carla. Ga mai aiki da mawaƙa, wannan babban cikas ne. Ardour, wadda Paul Davis ya assasa, tana naɗar murya yadda ya kamata, tana karɓar LV2 da VST3, kuma tana cikin rumbun manhajojin kusan kowane nau'in Linux. Reaper ba buɗaɗɗiya ba ce, dala 60 ce ga mai ƙaramin ƙarfi bayan gwajin kwana 60, amma ba ta da nauyi ko kaɗan, kuma duka ƙofofin uku tana da su. Bitwig ta fi su tsada da ƙawa, sai dai ba ta buɗe LV2. Idan ka rasa na zaɓa, riƙe VST3, shi ne ya fi shiga ko'ina.

Yanzu ga su kansu. Da za a ce in ɗauki guda ɗaya tal, Surge XT zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba. Da can ta sayarwa ce. Wanda ya rubuta ta, Claes Johanson, yana cikin waɗanda suka kafa Bitwig, kuma a 2018 ya saki lambobinta ga jama'a kyauta. Masu sa-kai suka karɓa suka yi ta gini, har aka fitar da bugun XT a farkon 2022. Tana zuwa da shiryayyun sautuka sama da dubu biyu, don haka ko ba ka iya murɗa komai ba tukuna, ranar da ka ɗora ta ranar za ka fara aiki. Babu buɗe asusu, babu lambar sirri, babu neman intanet bayan an sauke. A cikinta akwai hanyoyin ƙera sauti iri-iri, amma wadda ta fi ɗaukar hankalina ita ce mai suna String, wadda ke kwaikwayon yadda tsirkiya ke karkarwa idan an taɓa ta ko an goga mata izga. Da ɗan haƙuri za ka tatso wani abu mai ƙanshin gurmi ko molo. Ba zai ruɗi makaɗin gaske ba, amma a ƙarƙashin murya yana zama daram. Wani abin yabo kuma, an yi aiki sosai don makafi su iya sarrafa ta da manhajar karanta allo, abin da manyan kamfanoni da dama ba su waiwaya ba. Aibinta fuskarta ce. Ranar farko za ka ga layuka da maɓallai cunkus kamar allon tashar wutar lantarki, kuma ba ta nuna maka da hoto abin da ke faruwa da sautin sosai. Sai ka ba ta mako biyu kafin ka yanke mata hukunci.

A nan ne Vital ta yi mata fintinƙau. Matt Tytel ya fitar da ita a ƙarshen 2020, kuma duk wanda ya taɓa ganin Serum, wata sananniyar sintasaizar sayarwa, zai gane 'yan gida ɗaya ne ta fuskar tsari. Komai a bayyane yake: ka ja wannan ka ɗora kan wancan, sai ka ga igiyar sautin tana lanƙwasa a gaban idonka. Don koyon yadda sintasaiza ke aiki, ban san wadda ta kai ta ba. Akwai ta kyauta, akwai ta dala 25, akwai ta dala 80, kuma injin duk ɗaya ne, yawan shiryayyun sautuka ne ya bambanta. Ta kyautar 75 kacal take ba ka, ka ga ko kusa da Surge ba ta zo ba. Sai ka buɗe asusu da imel kafin ka sauke. Babban abin dubawa shi ne wannan kyan fuskar ba a banza yake zuwa ba, yana buƙatar ɓangaren hoton kwamfutarka ya iya OpenGL 3 ko sama, kuma idan ka tara muryoyi da yawa furosesa na ɗaukar zafi, fanka ta tashi, batiri ya zube. Wanda ke aiki da ido ɗaya a kan wutar NEPA ya san abin da hakan ke nufi. Akwai wani reshe nata da ake kira Vitalium, wanda aka gina daga lambobin da Tytel ya saki, ba ya neman asusu amma kusan wayam yake zuwa.

Idan laftof ɗinka ta kwana biyu ƙwarai, koma wajen tsofaffin hannu. ZynAddSubFX, wadda Paul Nasca ɗan ƙasar Romaniya ya fara a 2002, har gobe ba a cika samun mai yin lallausan sautin shimfiɗa kamarta ba, irin wanda ake sakawa a bayan waƙar bege ko wurin kuka a fim. Sirrin yana cikin injinta mai suna PADsynth, wanda ke yin lissafin mai nauyi sau ɗaya ya ajiye, daga nan sai dai ya yi ta karantowa. Tana nan a cikin LMMS tun daga gida, ba sai ka nemo ba. Yoshimi reshenta ce da ta ɓalle a 2009, sautinsu kusan ɗaya. Tagogin Yoshimi da na tsohuwar Zyn suna da yawa, ka buɗe wannan ya haifi wancan, kuma kamanninsu na zamanin da ne. Lura kuma, Yoshimi a matsayin fulogin LV2 ce, ba za ta shiga Bitwig ba.

Dexed aiki ɗaya ta iya, ta kuwa iya shi. Kwaikwayon Yamaha DX7 ce ta 1983, fiyanon da amonta mai kama da ƙararrawa ya cika waƙoƙin shekarun 1980. Tana karanta ainihin fayilolin DX7, kowanne ɗauke da sauti 32, kuma dubbansu na yawo a intanet, ƙanana ƙwarai, ba sa cin data. Ƙera sabon sauti a cikinta ciwon kai ne, ko a kan DX7 ɗin ta gaske haka mutane suka yi ta kuka. Ɗauke ta a matsayin rumbu, ka zaɓa ka buga. Su kuma VCV Rack da 'yar'uwarta Cardinal, inda kake haɗa akwatuna da wayoyi a kan allo kamar mai gyaran rediyo, ka bar su sai ranar da ba ka da aikin kowa a hannu. Suna cinye dare.

Akwai wata fa'ida da jagororin Turawa ke ambata a gurguje, alhali a wajenmu babba ce. Maɓallan fiyano an raba su ne gida 12 daidai wa daida, amma goge da kukuma da algaita ba su yi alkawarin faɗawa kan waɗannan gidajen ba, haka ma muryar mawaƙin da ya tashi a kansu. Shi ya sa wani lokaci za ka ji kiɗan sutudiyo da murya suna 'yar tsama, ka rasa dalili, sai a danne muryar da na'ura har ta koma ta ƙarfe. Surge XT da Vital da Zyn da Dexed duk suna karɓar fayil ɗin Scala, wanda ke sake wa kowane maɓalli mazauni. Surge har da wurin gyara wannan a cikinta: ka saurari makaɗin, ka matsa maɓallin sama ko ƙasa kaɗan har su haɗu. Maimakon a tanƙwara mawaƙi ya bi fiyano, sai fiyanon ta bi shi. Kalangu kuwa kada ka wahalar da kanka wajen ƙera shi. Kira makaɗi, ka biya shi, ka naɗi bugunsa, ka zuba a manhajar buga naɗaɗɗen sauti irin sfizz. Ƴar ƙafar lanƙwasa amo da ke gefen hagu na kibod za ta ɗan kwaikwayi matsa igiyoyin da ake yi a hammata.

To ina masu kuɗi? Kamfanin u-he na birnin Balin yana fitar da kayansa don Linux, kuma Diva tasu, mai kwaikwayon tsofaffin sintasaizojin analog, tana da kauri a kunne wanda na kyauta ba su cika kaiwa ba. Tana kuma cin furosesa kamar gara. Kafin ka taɓa aljihu, gwada Tyrell N6 da Zebralette da Podolski, duk nasu ne kuma kyauta. Pianoteq ta kamfanin Modartt na Faransa ita ce amsa ga mai neman fiyano ta gaske. Da lissafi take ƙera amon, don haka megabait kaɗan ce, ba gigabait goma-goma ba. Waɗannan biyun sun cancanci kuɗinsu, amma ba a watan farko ba.

Fitattun fulogin na sayarwa irin su Serum da Kontakt da Omnisphere da Nexus ba su da bugun Linux, FL Studio ma haka. Ana iya lallaɓa da yawa daga cikinsu ta hanyar Wine, mai tayar da manhajojin Windows a Linux, da wata gada mai suna yabridge, kuma sau da yawa suna tashi. Sai dai sabunta Wine ɗaya na iya rushe abin da ya yi wata shida yana aiki, ga mawaƙi zaune yana jira, ga mai janareta yana ƙirga lita. Idan abincinka ya dogara da ɗakunan sautin Kontakt, gaskiya ka bar wa Windows gefe guda a faifan kwamfutar.

Saura jinkiri, wato tazarar da ke tsakanin danna maɓalli da jin sauti. Sabbin Linux sun koma PipeWire, sabon tsarin tafiyar da sauti, Fedora tun 2021, Ubuntu tun bugun 22.10, kuma ta rage wahalar da aka sha a da wajen daidaita JACK, tsarin da masu kiɗa suka dogara da shi kafin ta. Lissafin mai sauƙi ne. A gudun gutsuren sauti 48,000 a daƙiƙa, ma'aji (buffer) mai ɗaukar gutsure 256 yana ba da jinkirin milisakan 5 da ɗoriya, wanda yatsa ba ya ji. A 1024 ya haura milisakan 21, nan kam za ka ji kamar kana taka laka. Idan ka rage shi fiye da ƙarfin kwamfutar, sai sauti ya fara ƙas-ƙas. Yi wasa a 256, in ka zo haɗa waƙa ka ɗaga. Ubuntu Studio da AV Linux sun zo da yawancin wannan a shirye.

Kuɗin da ka yi niyyar kashewa a manhaja, ni dai da hedifon mai faɗin gaskiya zan fara, sai ƙaramin kibod na MIDI, sai katin sauti na USB. Wajen katin ka tabbata irin wanda ke aiki ba tare da direba ba ne, alamar da ta fi sauƙi ita ce a ce yana aiki da iPad. Kuma kafin ka goge komai, zuba Ubuntu Studio a filashi mai gigabait 8 ko sama, ka tayar da laftof ɗin daga kansa ba tare da ka taɓa faifanka ba. In son samu ne ka tafi da ita shagon, ka soka katin da kibod ɗin a gaban mai kaya, ka buɗe sintasaiza ɗaya ka danna maɓalli. Idan sauti ya fito, sai a yi ciniki.