Rajistar CAC ga mai wallafa a intanet: abin da take yi maka da inda ƙarfinta ya ƙare

Yawancin masu wallafa labarai da sharhi a intanet ba sa tunawa da Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa, wato CAC, sai ranar da wani kamfani ko wata ƙungiya ta zo da talla mai tsoka, ta ce a turo lambar rajista da asusun banki mai ɗauke da sunan kafar. Daga nan ake shiga guje-guje, a miƙa wa mai kafen intanet kuɗi da katin NIN a ce ya yi sauri. Tun a farkon 2024 shugaban hukumar, Hussaini Ishaq Magaji, ya fito ya ce masu samun kuɗi da abin da suke wallafawa a kafofin sada zumunta su ma 'yan kasuwa ne, su zo su yi rajista. Dokar kamfanoni ta 2020, wadda ake kira CAMA, tana bayansa: duk wanda yake kasuwanci da sunan da ba nasa na yanka da na mahaifinsa ba, yana da kwana 28 daga ranar da ya fara ya nemi rajista. Idan sunanka zalla ka sa wa shafinka, dokar ba ta tilasta maka ba. Da zarar ka ƙara masa wata kalma, ko ka laƙaba masa wani suna na daban, ka shigo ciki.

Hukuncinmu a kan wannan hidima shi ne ta cancanci kuɗinta, kuma wanda ya iya buɗe shafi ya riƙa wallafa rubutu a kai zai iya yin ta da kansa, da wayarsa. Amma mutane suna ɗora mata nauyin da ba nata ba.

Aikin duka a shafin hukumar ake yin sa. Za ka buɗe asusu da imel ɗinka da lambar wayarka da lambar NIN, ka nemi a keɓe maka suna, idan an amince ka cike bayanan kasuwancin, ka ɗora hoton fasfo da sa hannu da katin shaida, ka biya ta Remita. Sunan da aka keɓe maka kwana 60 yake zama. In ka yi sakaci suka wuce, sai ka sake biya, kuma wani yana iya riga ka. Shekaru da dama kuɗin keɓe suna naira 500 ne, na rajistar sunan kasuwanci kuma naira 10,000. A 2025 hukumar ta sake fasalin kuɗaɗenta, don haka ka karanta jadawalin da ke shafinta kafin ka yarda da farashin da wani ya yanka maka da baki. Satifiket ɗin ta intanet yake fitowa, da lambar rajistar, wato lambar BN, a jikinsa, tare da wata takarda mai bayanin mai kasuwancin da adireshi da irin sana'ar. Banki dukansu biyun yake nema, ka sauke su ka adana a wuri fiye da ɗaya.

Wurin da aka fi yin tuntuɓe shi ne suna. Hukumar ba ta karɓar sunan da ya yi daidai da wanda aka riga aka yi wa rajista, ko ya yi kama da shi har mutane su rikice, kuma canza harafi ɗaya ko ƙara "s" a ƙarshe ba ya fitar da kai. Akwai kalmomin da sai da izini na musamman, irin su Federal, National, State, Government, Group da Holding. Masu kafafen labarai suna son irin waɗannan kalmomi saboda kwarjininsu, su ne kuma suke jawo musu jinkiri da ƙarin kuɗi. Kafin ka biya ko kwabo, ka shiga shafin binciken jama'a na hukumar, kyauta ne, ka rubuta sunan ta fuskoki uku ko huɗu ka ga abin da zai fito. A wannan zaman kuma ka duba ko adireshin intanet mai wannan suna yana nan, na .ng ko .com.ng da hukumar NiRA ke kula da su, da sunan a Facebook da YouTube. CAC ba ta riƙe maka ko ɗaya daga cikinsu.

Sai matsalar da ta fi damun mutanenmu, wato rubutun suna. A NIN an rubuta Mohammed, a BVN Muhammad, a takardar makaranta Muhammed, wani wurin kuma an sa sunan gari a matsayin na uku. Ka kwafi abin da ke jikin NIN harafi da harafi, da jerin sunayen yadda suke, da ranar haihuwa. Idan NIN ɗin ne yake da kuskure, ka gyara shi a wajen NIMC tukuna, domin ko ka tsallake CAC, banki zai tsayar da kai. Sa hannu kuma a yi shi a farar takarda marar layi, da baƙin biro, a ɗauki hotonsa da rana ba tare da inuwar waya ta faɗo a kai ba. Adireshi ya zama cikakke: lambar gida, sunan layi ko titi, unguwa, ƙaramar hukuma, jiha. "Bayan masallacin Juma'a" kwatance ne, kuma irinsa ne yake sa a dawo maka da takardarka da tambaya, abin da masu kafe ke kira kweri.

Gurbin irin sana'a ma a yi hattara da shi. Masu cike wa mutane sun saba cusa komai: kwangila, dillancin filaye, sayar da motoci, ba da shawara, duk a takarda ɗaya, wai ko watarana. Wasu daga cikin waɗannan sana'o'i suna cikin jerin da banki zai nemi satifiket ɗin SCUML, sashen yaƙi da halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, kafin ya buɗe maka asusu. Ka rubuta abin da kake yi kawai, wallafa a intanet da talla da abin da ya danganci haka. Idan kuwa dole sai ka ba wani ya yi maka, ka tsaya a kan imel ɗinka da lambar wayarka za a sa, kuma ka binciki lambar BN ɗin a shafin hukumar kafin ka cika masa kuɗinsa. Wanda ya riƙe imel ɗin shi ya riƙe makullin, kuma duk gyaran da za ka yi nan gaba sai ka nemo shi.

Babban zaɓin da shafin yake ajiye maka a gaba, ba tare da ya yi maka bayanin da ya kamata ba, shi ne tsakanin sunan kasuwanci da kamfanin limited. A nan muke ganin gazawar hidimar. A idon doka, sunan kasuwanci da mai shi abu ɗaya ne. Idan aka kai kafar ƙara aka ci ta tara, motarka da filinka da kuɗin asusunka na kanka duk suna cikin abin da za a iya bi. Kamfanin limited shi doka take ɗauka a matsayin mutum mai zaman kansa, yana da lambar RC, yana cin bashi da sunansa, ana ƙararsa da sunansa. Tun 2020 mutum ɗaya tak yana iya kafa shi, da jarin hannun jari da bai gaza naira 100,000 ba. Ya fi tsada, takardunsa na shekara sun fi yawa, sau da yawa sai da akanta. Wanda yake shi kaɗai yana rubuta girke-girke ko darasin sana'a, sunan kasuwanci ya ishe shi. Wanda ya ɗauki 'yan rahoto, yana taɓa siyasa da kotu da zarge-zarge, ko suke su biyu ko uku sun haɗa kuɗi, limited ya fi masa, da rubutacciyar yarjejeniyar wa ke da kashi nawa da wa ke riƙe kalmomin sirri. Duk da haka, limited ba ya kare wanda ya rubuta ƙarya da hannunsa. Ana haɗa marubuci da edita da kamfani a ƙara ɗaya, laifi kuwa wanda ya aikata shi ake kamawa.

Wannan ne ya kamata duk mai satifiket ya sani tun kafin ya manna shi a bango. A jihohin Arewa ɓata suna laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa. Tsohuwar dokar hukunta laifuka ta Arewa, wato Final Kod, ta fayyace shi a sashe na 391, ta tanadi ɗauri har shekara biyu ko tara ko duka a sashe na 392. A jihohin da ke aiki da dokokin Shari'a, jifan mutum da zina ba tare da shaidu ba ƙazafi ne, bulala 80. A Nuwamba 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala ashirin-ashirin da tara da sharar harabar kotu ta kwana 30, saboda ɓata sunan gwamnan jihar na lokacin. Ga kuma sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015. An rage faɗinsa a gyaran 2024, ya koma kan saƙon batsa da saƙon da mutum ya san ƙarya ne ya yaɗa don tada fitina ko jefa rai cikin haɗari, amma hukuncin yana kaiwa tarar naira miliyan 7 ko ɗaurin shekara uku. Rubuta "an ce" ko "kamar yadda muka samu" a saman zargi ba ya wanke wanda ya maimaita shi. Abin da yake taimakawa a gaban alƙali shi ne takardar da ka dogara da ita, da sautin hirar, da shaidar cewa ka nemi jin ta bakin wanda ake zargi kafin ka wallafa, da ranar da ka neme shi.

Sunan ma da ka yi wa rajista, kariyarsa rabi ce. CAC za ta hana wani ya yi rajistar irinsa a wajenta, amma tambarin kafarka da sunanta a matsayin alamar kasuwanci wani ofishi ne daban yake kula da su, a ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya. A rabe-raben sana'o'i na wannan ofishi, harkar wallafa a rukuni na 41 take, talla a na 35. Rajistar farko shekara bakwai take yi, sabuntawa kuma shekara goma sha huɗu-huɗu. Haka nan sa TV ko Radio a cikin suna ba lasisin NBC ba ne, wato hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin.

Haƙƙin mallakar rubutunka ba ya jiran rajistar kowa, yana tabbata ne daga lokacin da ka rubuta. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta kuma ba ka damar aika wa kamfanin da ke ɗauke da shafin ɓarawon rubutu sanarwa ya sauke shi. Sai dai takobin kaifi biyu gare shi. Hoton da ka ɗauko daga Google yana da mai shi, kariyar hoto tana kai shekara 50, kuma rubuta sunan mai hoton a ƙasa ladabi ne, ba izini ba ne. Ka nemi izini a rubuce, ko da saƙon WhatsApp ne, ka adana.

Akwai hukumomi biyu da satifiket ɗin CAC ba ya haɗa ka da su, alhali kana ƙarƙashinsu. Idan kana tara imel ko lambobin wayar masu karatu, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hau kanka: ka faɗa musu me kake karɓa da dalilinsa, ka goge na wanda ya ce a goge, idan bayanan suka fita ta hanyar da za ta cutar da su ka sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72. A ƙa'idar da hukumar ta fitar, mai riƙe bayanan mutum fiye da 200 cikin wata shida yana cikin waɗanda ake so su yi rajista da ita. Talla kuwa, dokar 2022 ta ARCON, hukumar kula da tallace-tallace, ta ce a tantance shi kafin ya fita, kuma hukumar ta bayyana cewa masu tallata kaya a kafofin sada zumunta suna ciki. Wannan ya fi shafar masu karɓar tallan maganin gargajiya da kayan mata da man shafawa. Ka nemi lambar NAFDAC da takardar amincewa da tallan kansa, domin lambar da ke jikin kwalba ba ta halatta a ce maganin yana warkar da ciwon suga ko hawan jini ba.

Haraji ma yana biyo bayan rajista. Mai sunan kasuwanci hukumar tara kuɗin shiga ta jiharsa yake biya, a matsayin harajin mutum, kuma a sabuwar dokar da ta fara aiki a Janairun 2026 naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu. Raba asusun kafar da na cefane tun ranar farko shi yake sa lissafin ya yi sauƙi.

Abin da aka fi mantawa shi ne rahoton shekara. Mai sunan kasuwanci yana shigar da shi a shafin CAC kafin ƙarshen 30 ga Yuni kowace shekara, ban da shekarar da aka yi rajistar, ko an ci riba ko ba a sayar da tallan sisi ba. Kuɗinsa kaɗan ne idan an biya a kan lokaci, tara ce take taruwa shekara bisa shekara. Wanda ya bari ya taru, shafin binciken jama'a zai nuna kasuwancinsa ba ya aiki, kuma wannan shafin ne ma'aikacin kamfanin da ya zo da talla yake buɗewa kafin ya sa hannu a takardar biya.