HDD da SSD: kowanne da yadda ake share shi kafin a sayar da kwamfuta

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya jiya: zai sayar da laptop ɗinsa, ya goge hotunan iyali da takardun banki, ya kwashe Recycle Bin, yana so ya san ko hakan ya isa. Malam, amsar tana ga irin faifan da ke cikin kwamfutar. Buɗe Task Manager, shiga Performance, za ka ga an rubuta HDD ko SSD a jikin faifan.

Idan HDD ne, wato mai faranti da ke juyawa har kana jin ɗan ƙuginsa, to fayilolinka suna nan daram. Windows sunan fayil kawai take cirewa daga rajistarta, ta ce wurin ya zama fili. Kamar mai gida ne ya soke sunan ɗan haya a littafinsa, alhali kayan suna jibge a ɗaki har sai sabon ɗan haya ya shigo. Duk wanda ya sauke Recuva ko PhotoRec, waɗanda kyauta ne, zai iya dawo da hotunan nan. Quick Format, wato sharar faifai ta gaggawa da Windows ke yi, ma bai tsinana komai a nan. A 2003, Simson Garfinkel da Abhi Shelat na jami'ar MIT a Amurka sun wallafa binciken da suka yi kan tsofaffin faifai 158 da suka saya. Guda 129 suna aiki, 12 kacal aka share yadda ya kamata, kuma sun tsinci dubban lambobin katin banki a cikin sauran.

Maganin HDD shi ne a rubuta wani abu a kan wurin. Ka sa manhajar DBAN a filash, ka tayar da kwamfutar daga ita, ta cika faifan da sifili daga farko har ƙarshe. Za ka ga zaɓin maimaitawa sau 35, tsarin da Peter Gutmann ya kawo a 1996 domin faifan wancan zamani. Kada ka wahalar da kanka, balle ga halin da wutar lantarki ke ciki. Hukumar NIST, mai tsara ƙa'idojin fasaha a Amurka, ta nuna cewa zagaye ɗaya ya wadatar ga faifan yanzu.

SSD kuwa lamarinsa daban ne, kuma a nan mutane suka fi yin kuskure. Ba shi da faranti, ƙananan ƙwayoyin ajiya ne. Saboda umarnin TRIM, wanda Windows ke aika wa SSD ya share wurin fayil ɗin da aka goge, abin da ka goge yakan ɓace da wuri, Recuva ba ta cika samunsa ba. Amma rubutu a kai ba shi da tabbas, domin SSD yana rarraba rubutu a ƙwayoyinsa don kada wasu su riga wasu lalacewa, yana kuma da wani ɓoyayyen sashe da Windows ba ta gani. Kana ganin ka danne tsohon fayil, ashe a wani wuri sabon rubutun ya sauka. DBAN ba ta dace da shi ba, rage masa kwana kawai take yi. Abin da ake yi shi ne Secure Erase, wato umarnin da ke sa SSD ya share kansa gaba ɗaya, ta manhajar kamfanin da ya ƙera shi, irin su Samsung Magician, ko ta cikin BIOS (shafin saiti da ake shiga kafin Windows ta tashi) a wasu kwamfutocin Dell da HP da Lenovo.

In duk wannan ya yi maka nauyi, yi Reset this PC a cikin Settings na Windows, ka zaɓi Remove everything, ka kunna Clean data. A ganina ya isa ga cinikin yau da kullum, amma ban yarda a dogara da shi ba idan akwai bayanan marasa lafiya ko na kwastomomi a ciki.

Faifan da ya mutu kuma kada ka bar shi a shagon mai gyara. HDD a huda farantinsa da dirila, SSD a farfasa ƙwayoyinsa ɗaya bayan ɗaya, domin maganaɗisu ba ya yi masa komai. Kafin ka fara ko wanne, kwafe abin da kake bukata zuwa wani faifan, sannan ka fita daga OneDrive da Google Drive da WhatsApp na kwamfutar.