Garejin Mukayyif a Sana'iyyar Jidda da Ya San Man Kwamfuresa

Duk mai tuƙa mota tsakanin Jidda da Makka a watan Yuli ya san cewa mukayyif, wato na'urar sanyaya iska (AC), ba kayan ƙawa ba ne, amma da yawa daga cikinmu ba mu tambayar irin man da ake zuba wa kwamfuresa, wato injin da ke matsa gas ɗin mukayyif, sai dai mu ce a cika mana gas kawai. A kan wannan ne wani ƙaramin gareji da ke Sana'iyya, unguwar masana'antu da garejoji ta Jidda, ya burge ni, har nake ba 'yan'uwa shawarar su nemi irinsa.

Da na kai masa Camry ɗina, makanikin bai taɓa komai ba sai da ya ɗaga bonet, ya goge ƙurar da ta rufe takardar da ke manne a ciki, ya nuna mini rubutun R134a, wato irin gas ɗin mukayyif ɗin motar. Wannan gas yana tafiya ne da man PAG, wanda kaurinsa ya kasu zuwa 46 da 100 da 150, kuma kwamfuresar kamfanin Denso irin tawa tana buƙatar ND-8, wato mai lamba 46. Ya kuma bayyana mini cewa motocin haibirid (masu amfani da fetur da lantarki) waɗanda kwamfuresarsu ke aiki da lantarki, ba a zuba musu wannan man ko kaɗan, domin yana raunana kariyar wayoyin cikinta. Nasu galibi shi ne man POE, irin ND-11. Sabon gas R1234yf shi ma da nasa man.

Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne sabuwar kwalba ya buɗe a gabana. Man PAG yana shan danshin iska da sauri, kuma danshin Jidda, da ke bakin Bahar Maliya, ba sai an faɗa ba, don haka kwalbar da aka bari a buɗe ba abin yarda ba ce. Ya yi amfani da na'ura ya zuƙe iskar bututun, sannan ya auna man da sirinji, domin idan ya yi yawa sanyi yana raguwa, idan kuma ya gaza kwamfuresa ta ci kanta.

Wurin zaman jira ba shi da daɗi, kuma kuɗinsa ya ɗan ɗara na maƙwabtansa, sai dai bai kai ko kusa da kuɗin sabuwar kwamfuresa ba.